Na biya kuɗi an cire mini inuwa

Tun ranar da na saka hoton nan a zauren WhatsApp na gidanmu wayata ba ta huta ba. Kun gan ni zaune cikin jar mota, sama a buɗe, na sha baƙin tabarau, hannu ɗaya a kan sitiyari kamar wanda ya gaji masana'anta. Auta ya ce in yi wa Allah in auno masa ita idan na gama yayinta. Yaya Malam tambaya ɗaya ya yi: "Ina rufin? Hatsari ka yi ne?" Hajiya kuwa saƙon murya ta aiko, addu'a tun daga farko, sai can ƙarshe ta ce in dinga sa hula saboda rana. To ga amsa gaba ɗaya. Kallon kitse kuke yi wa rogo, kuma ni na jawo, tunda hoton jajibiri na nuna muku na ɓoye labarin ranar Sallah.

Shekarata ta bakwai ke nan a Birmingham ta Ingila. A shekarar farko dariya nake yi wa Turawan nan. Rana ta ɗan leƙo da kyar, irin wadda a gida ko wanki ba za a shanya da ita ba, sai ka ga tsoho da furfura ya zuge rufin motarsa yana tafe yana washe baki, ga iska mai sanyi tana dukan sanƙonsa. Na ce lallai ƙoshi ya yi wa mutanen nan yawa. Sai da na yi hunturu uku na daina dariya. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, ka fita aiki cikin duhu ka dawo cikin duhu, sama kuma kullum launin toka kamar murfin tukunya. Har hukumar lafiyarsu shawara take bayarwa a dinga shan ƙwayar bitamin D daga Oktoba zuwa Maris, mu masu baƙar fata ma an ce gara mu sha shekara gaba ɗaya. Ni da na tashi ina gudun rana daga bakin Kongo zuwa Tudun Wada, ina bin gindin katanga, yau ni ke sayen madadinta a kwalba. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin yadda ƙasar da ta yi suna da ruwan sama ta cika da buɗaɗɗun motoci ba.

Cikin hunturu na saye ta, don lokacin ne farashinsu ke sauka, babu mai nema. Tsohuwa ce, shekararta goma sha biyu, kujera huɗu. Kuma a nan dole in sara wa mutanen nan. Duk motar da ta shekara uku sai an kai ta gwajin lafiya kowace shekara, wanda suke kira MOT, kuma kuɗin gwajin ƙaramar mota doka ta ce kada ya wuce fam 54.85. Sakamakon yana nan a shafin gwamnati, kyauta. Lambar motar kawai na buga a wayata, sai ga tarihinta: shekarar da birki ya faɗi gwaji, shekarar da aka ce taya ta suɗe, da yawan mil ɗin da ta ci duk shekara. Mai sayarwa ba shi da inda zai ɓoye. Na tuna ranar da muka raka Kawu sayen 'yar Kwatano, dillali yana rantsuwa wai wata tsohuwar Baturiya ce ke zuwa coci da ita ran Lahadi kawai, alhali kujerar direba ta lotsa kamar ta motar Funtuwa. Mu dai a gida duk motar da aka shigo da ita ta tsohuwar Baturiya ce.

Abin da gwajin bai duba mini ba shi ne rufin.

Babbar Sallah ta faɗo a watan Yuni, gari ya waye tas. Na ciro aska takwas ɗina, ɗinkin hannu na cikin birni da Hajiya ta aiko mini, na karya hula. Bayan an sauko daga idi a filin Small Heath, inda dubban mutane ke taruwa, na hango Baba Alhaji yana neman wanda zai mayar da shi Coventry. Dattijo ne ɗan Tudun Wada, karatu ya kawo shi tun kafin a haife ni, shi ne uban duk wani Bazazzage da ke wannan yanki, a gidansa muke cin tuwon Sallah. Na durƙusa na gaishe shi na ce, "Baba, in kun yarda ni zan kai ku." Ya dubi motar, ya dube ni, ya ce, "Ɗana, wannan ta gama haɗuwa kuwa?" Jama'a suka yi dariya. Na danna madanni, rufin ya naɗe kansa ya shige but cikin 'yan daƙiƙoƙi, yara suka yi ta tafi. Kaina ya yi girma. Wani abokina Bakano, wanda ba ya barin Zage-zagi su sha ruwa cikin kwanciyar hankali, ya ce zai biyo mu a baya da tasa.

Ba mu yi minti goma a kan babban titin A45 ba iska ta fara aikinta. Babbar riga ba a yi ta don buɗaɗɗiyar mota ba, wannan ku rubuta ku ajiye. Hannun rigata ya cika da iska ya tashi ya rufe mini fuska, na janye shi da haƙori. Baba ya dafe tasa da hannu biyu, kuma garin dafe riga ya saki hula. Zanna ce, tsohuwar saƙa, irin wadda ba a samu yanzu. A madubi na ga ta yi sama, ta yi juyi biyu, ta sauka a tsakiyar titi, wata babbar mota ta bi ta kanta. A gida da tuni na taka birki, wani yaro ya ruga ya ɗauko, an kaɗe ƙura an ba shi na goro. A nan ba ka isa ka tsaya tsakiyar irin wannan hanya ka ce hula kake nema ba. Baba bai ce komai ba. Shirun nan ya fi mini zagi ciwo.

Sai hadari. A ƙasar nan ba ya gangami, ba ya aiko da iska mai ƙamshin ƙasa ta ce maka ka kwashe shanya. Ɗigo ɗaya, biyu, sai ga shi kamar da bakin ƙwarya. Rufin kuma ba ya motsi sai mota ta tsaya, don haka sai da na jure kusan mil biyu kafin na sami wurin rakuɓewa. Na danna madanni. Rufin ya fito daga but, ya miƙe, ya kai rabi, ya yi wani ƙugi, ya tsaya cak a sama kamar mai ɗaga hannu yana addu'a. Na danna gaba, shiru. Na danna baya, shiru. Ba ta rufu ba, ba ta buɗu ba, kuma ba ta tuƙuwa a haka.

Akwai wata tsohuwar laima a ƙarƙashin kujera. Na fito na zagaya, na buɗe ta a kan Baba, na tsaya a bakin titi cikin aska takwas, shuni da sitaci suna bin ƙafata zuwa cikin takalmi. Motoci na wucewa, yaran Turawa na manna fuska a gilashi. Bakanon nan ya faka a bayanmu, kuma maimakon ya fito da taimako sai ya fito da waya. "Allah ya ja zamanin Sarki! Ga laima, saura algaita!" Sai a lokacin Baba ya buɗe baki. Ya ce, "Ɗana, shekara arba'in da wani abu ina ƙasar nan ba a taɓa naɗa ni ba sai yau." Tsuntsun da ya ja ruwa dai shi ruwa kan doka, amma wannan karon har da dattijon da ba ruwansa.

Bakanon ya tafi da Baba, ni na zauna jiran masu agajin mota da nake biya duk wata. Cikin awa ɗaya mutumin ya iso, bai yi mini dariya ba, bai tambaye ni na shan ruwa ba. Ya buɗe but, ya zaro wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe da ke maƙale a gefe tun ranar da aka ƙera motar, ya kwance wani abu, muka ja rufin da hannu ya rufe. Ya nuna mini shafin da aka yi bayanin haka a littafin motar, wanda ke cikin aljihun gaba, ban taɓa buɗe shi ba. Wannan halinmu ne, kuma har Ingila na taho da shi. Mu sayi abu mu yar da takardarsa tare da kwali, in ya lalace mu ce sammu ne.

Daga nan sha'awar ta ƙare, aka shiga gareji. Na buga waya, wata mata mai murya kamar zuma ta ce akwai gurbi bayan kwana tara. Kwana tara! Ranar ta zo, kafin a taɓa ko da ƙusa ɗaya sai da na biya kuɗin awa guda don a jona kwamfuta ta faɗi abin da kowa ya riga ya gani, wato rufi ba ya aiki. Ashe famfon da ke tura man da ke ɗaga shi ne ya gaji. Ba sa gyarawa, canzawa suke yi, kuma sai an yi odar sabo, wani mako biyun. Takardar kuɗin da aka miƙo mini ta kusa kashi ɗaya cikin uku na abin da na sayi motar. A daren nan na yi kewar bakanikenmu na Sabon Gari har cikin raina. Da tuni ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi, ya kira mai wayarin daga rumfar gaba, an kwance famfon an wanke da fetur, an yanko roba daga tsohon tib an yi masa sabon zobe, kafin la'asar ina hanya. Gaskiya ne zai manta ƙusa biyu a aljihunsa, kuma bayan wata uku zan dawo. Amma da zai tambaye ni jikin Hajiya, kuma da na ce babu kuɗi sai ƙarshen wata da ya ce in je kawai.

Sauran ƙananan fitintinu ba sa ƙirguwa. In rufin ya naɗe, but ɗin ko buhun shinkafa ɗaya ba ya ɗauka da daɗi. Kujerun baya na yara ne ko na wanda kake fushi da shi. Rufin na yadi ne mai kauri kamar tamfol, danshin ƙasar nan yana sa shi yin gansakuka, sai an saya masa sabulunsa daban da man hana ruwa. In na ajiye ta a titi ba na barin ko jakar leda a ciki, don ɓarawo ba sai ya fasa gilashi ba, reza ta ishe shi. A kan babbar hanya, inda iyakar gudu mil 70 ne a awa, ko rufin na rufe sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji.

Yanzu kai Auta, da kake son in auno maka. Da farko sitiyarinta a dama yake. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 2 ga Afrilu 1972, kuma doka ba ta yarda a yi wa irin wannan rajista ba, sai an kai ta an farke ta an juya, ita kuwa ba ta da ƙoshin lafiyar da za ta jure fiɗa. Na biyu, a wane wata za ka buɗe ta? Cikin hunturu, ka isa Samaru ka yi fari fat kamar wanda ya fito daga injin niƙa? A Afrilu, kujerar fata ta gasa ka? Ko a Agusta? Ka tsaya cunkoson Kwangila a bayan tirela, hayaƙin gas yana sauka a kanka, mai rake na miƙo maka ta sama, wayarka a fili ga duk mai dogon hannu. Ka shiga lungunan cikin birni kuwa yara za su bi ka har gida suna zaton ɗan takara ne.

Amma ba ƙura ce babbar matsalar ba. Tun da nake tsaye da laimar nan nake tunanin abin. Mu a wurinmu inuwa ita ce girma. Ranar hawan Sallah cikin dubban dawaki, da me ake gane inda Sarkin Zazzau yake? Wanda kuma rana ke duka a kan hanya shi ne na bayan a-kori-kura, da lebura a kan tifa, da ɗan acaɓa. Da mutum ya sami kuɗi abin da zai fara yi shi ne ya sa wa gilashinsa baƙin tinti ya ƙure sanyi, a ga motar kada a gan shi, kada ɗan uwa ya tare shi da maganar kuɗin makaranta. Buɗaɗɗiyar mota sai gwamna ranar faretin soja ko ɗan siyasa ranar kamfe, su ma na awa ɗaya. A nan kuma wanda ya tara ya huta shi ke biya a cire masa rufi, ya zauna a fili kowa na ganinsa, ba ya tsoron a roƙe shi don babu mai roƙonsa, babu ma mai gaishe shi. Ban san wanne ya fi ban tausayi ba.

Ban sayar ba tukuna. Akwai wani yammaci a watan Yuli, bayan an gyara, na taso daga aiki wajen ƙarfe tara rana ba ta gama faɗuwa ba. Na bi wata 'yar hanyar ƙauye, sama a buɗe, gonaki dama da hagu. Aka yi yankan ciyawa a wani wuri, ga ƙamshin shanu, iska mai ɗumi. Wallahi sai na ji kamar ina bayan babur ɗin Yaya Malam muna gangarawa Shika da damina, Kufena na can baya. Na rage gudu har na bayana ya gaji ya wuce.

Yaya, don Allah a shiga kasuwa a nemo mini zanna mai kyau, tsohuwar saƙa in da hali, ruwan toka da baƙi, kada a duba kuɗi. Kan Baba Alhaji ya ɗan fi naka girma. Akwai mai tahowa ƙarshen wata, zan turo lambarsa. Kuma in bidiyon Bakanon nan ya iso gare ku, kada a nuna wa Hajiya.