Takarda marar suna ko hira ido da ido?

Malam, ka ce ƙungiyar iyayen yara ta makarantarku a Tawa na son sanin yawan ɗaliban da ke shaye-shaye da abin da ke jefa su ciki, kana tambaya ko a raba takardar tambayoyi marar suna, ko a zauna da yaran a yi hira.

In adadi kuke nema, takarda ce. Da ita Hukumar Lafiya ta Duniya ke binciken shan taba tsakanin ƴan makaranta masu shekara 13 zuwa 15. Yaron da ko kusa ba zai buɗe baki gaban babba ya ce ya haɗiyi tramol ba, zai yi alama a takarda muddin ya tabbata ba mai gane shi. Sai dai kada malamin ajin ko darakta ya tsaya a ciki. Kowa ya ninke tasa ya jefa cikin kwali. Ku kuma rarrabe tambayar: ya taɓa sha, ya sha cikin wata 12, ko cikin kwana 30 da suka wuce? Wanda ya ɗanɗani shisha ranar salla ba ɗaya yake da mai zuƙar wiwi kullum ba. Masu irin wannan bincike a Turai har sunan ƙwayar da babu ita suke sakawa, duk wanda ya ce ya sha ta an gane ɗan kuri ne. Wannan dabara ta burge ni.

Raunin takarda babba ne: waɗanda suka shigo aji ranar kaɗai take ƙirgawa, alhali wanda ƙwaya ta fi kamawa shi ne mai fashin makaranta.

Hira kuwa tana cin lokaci, ba ta ba ku kashi cikin ɗari. Amma a nan ake jin wa ya fara miƙa masa, aboki ne a fada wajen shayin dare ko yayansa, wurin wane mai tallan magani yake saye, ko tsoron jarrabawar BEPC ne ya sa shi neman abin hana barci. Ƴan mata, mace ta zauna da su, in ba haka ba kunya za ta rufe bakin kowa.

Ni dai da hira zan fara, da yara kaɗan, don a ji sunayen da suke kiran kayan, sannan a rubuta takardar da Faransanci da Hausa. Ku nemi iznin iyaye da hukumar ilimi tukuna, kuma kada sunan yaro ko ɗaya ya kai ofishin darakta.