Busasshen batir ko mai ruwa? Ɗauki busasshe

Ɗan'uwa, tsakanin batir mai ruwa da busasshen da ka tambaya a kai, ɗauki busasshe, wato rufaffen nan da ba a ƙara masa ruwa. Shi ke kan motona, wato babur ƙirar Boxer, a babbar kasuwar Garwa ta Kamaru na saye shi, yanzu ya shiga shekara ta uku. Duk Lahadi da shi nake zuwa kasuwar Pitowa in dawo, bai taɓa kunyata ni ba. Ranar da ya shiga raina ita ce wani dare cikin hunturun bara, jikin Inna ya tashi wajen ƙarfe uku, sanyi na ratsa ƙashi, kuma moton ya yi sati biyu a zaure ba a taɓa shi ba saboda na yi tafiya Ngawundare. Hannuna na rawa na danna maɓalli sau ɗaya, ya kama, fitila tar har ƙofar asibiti. Tun daga ranar ba na jin kuɗin da na biya.

Mai ruwa ya fi araha, iyakar abin da zan faɗa masa ke nan. Wanda na taɓa sawa a da bai cika shekara ba. Zafinmu na Maris da Afrilu, da ke wuce digiri 40, yana shanye ruwansa, farantan ciki su fito fili su lalace, ga asid da ke ɗiga ta tiyo ya ci mini ƙarfe. In shi aljihunka ya kai, duba layin ruwan duk sati biyu, ka ƙara tataccen ruwan batir kawai. Ban da na rijiya, ban da ƙarin asid.

Amma kafin ka sayi ko wanne, kai moton wurin makaniki ya sa mita. Batir mai lafiya a kashe yana nuna volt 12.6 ko sama kaɗan, in inji na aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. In ya haura 15, regileta, wato na'urar da ke daidaita wutar caji, ce ta mutu, kuma za ta dafa maka sabon batir har ya kumbura. Da yawa batir ake zagi alhali laifin na can ne. Haka masu ɗora ƙarin fitilu da babban oda da cajin waya a kan ƙaramin batir. Farin garin da ke taruwa a kawunansa kuwa, wanke shi da ruwan kanwa, ka goge, ka ɗaure da kyau, ka shafa giris.

Sai ka yi hattara da wasu 'yan kasuwa, Allah ya shirye su. Akwai masu tsinto tsohon batir su goge, su yi masa caji, su manna sabuwar takarda. Duba kawunan, in da sawun noti an taɓa ɗaura shi. Ɗaga shi a hannu ka gwada da wani mai girmansa, na jabu ba shi da nauyi don an rage dalma. A auna a gabanka, a rubuta ranar saye a rasit. Wanda ya ƙi sa mita, bar masa kayansa ka shiga shago na gaba, ka kuma tafi da tsohon batirinka don a ba ka daidai lambarsa.