Windows 11, Windows 10 ko Linux Mint: wanne za ka ɗora wa kwamfutarka ta hannu?

Mai sayen laftof ta hannu tambayoyinsa uku ne: RAM nawa, Core nawa, batir awa nawa yake yi. Babbar manhajar da ke kai kuwa ba mai bi ta kanta, wai ai ko me aka ɗora za ta tashi. Ni ma haka nake, har shekarar da na sayi wata a wani shago, bayan wata biyu ta fara nauyi, na ba wani yaro ya yi mata fomat. Ta dawo fes, amma kurma: babu sauti, babu Wi-Fi, rubutu ya kumbura a sikirin. Kafin in gyara Wi-Fi sai na shiga intanet, kafin in shiga intanet sai da Wi-Fi. Mabuɗin ɗaki yana cikin ɗakin, ɗakin kuma a kulle.

Abin da ya ɓace a ranar shi ake kira direba. Kowane ƙarfe a cikin kwamfuta, lasifika ne, kyamara ce, katin Wi-Fi ne, yana da yarensa, direba kuma shi ne tafinta tsakaninsa da babbar manhaja. Idan kwamfuta ta tashi, manhajar tana bi ɗaya bayan ɗaya tana tambayar lambar shaidar kowanne. Lambar 8086 ta Intel ce, 10EC ta Realtek, 14E4 ta Broadcom, 10DE ta Nvidia. Da wannan lambar take laluben tafintan da ya dace, ta raba musu gurbi don kada su yi karo. Tun zamanin Windows 95 aka fara sa kwamfuta ta riƙa yin wannan aikin da kanta. To ni ma'aunina ke nan yanzu: wace manhaja ce za ta gane kayan cikin tsohuwar kwamfuta ba tare da na yi yawon neman direba ba?

Mu fara da Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021. Idan kwamfutar ta cika sharuɗɗa, ba ni da ta cewa, tana sauko da yawancin direbobi da kanta muddin akwai data. Sharuɗɗan ne matsalar: RAM 4GB, ma'aji 64GB, na'urar tsaro ta TPM 2.0, da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, na Intel ajin 8 zuwa sama (aji shi ne zubin da aka ƙera shi a ciki), ko Ryzen 2000 zuwa sama. Kwamfutocin da suka cika shagunanmu da yawa 'yan aji 4 ne, 5, 6 da 7. Ba su shiga jerin ba.

Windows 10 tana zama lafiya a kan waɗannan tsofaffin, sai dai Microsoft ya janye mata tallafi ranar 14 ga Oktoban 2025, da ƙarin wa'adin gyaran tsaro zuwa Oktoban 2026 ga wanda ya yi rajista. Gida ne mai kyau da mai shi ya daina yi wa yaɓe. ChromeOS Flex kuwa, wadda Google ya fitar a 2022, kusan komai nata a intanet yake, ga tsadar data, sai na bar wa masu Wi-Fi na ofis. MacBook labarinsa daban, Apple ne ya ƙera ƙarfen ya kuma rubuta manhajar, ba ka neman direba, amma aljihu zai gaya maka.

Ni dai Linux Mint, wata babbar manhaja daga dangin Linux da ke zama a madadin Windows, nake ɗora wa duk tsohuwar kwamfutar da ta shigo hannuna. Dalili na farko, a Linux yawancin direbobi a cikin zuciyar manhajar suke, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a Finland a 1991, ake ta ƙara mata har yau. Ba sai ka nemo su ba, tare suke zuwa. Abin ban sha'awa, tsufan kwamfuta a nan riba ne: katin da ya shekara takwas a duniya an daɗe da rubuta masa tafinta an goge kurakuransa. Dalili na biyu shi ne ya fi burge ni. Za ka sa Mint a filash, ka tayar da kwamfutar daga filash ɗin ba tare da ka taɓa abin da ke cikinta ba, ka gwada sauti, kyamara, Bluetooth, Wi-Fi, hasken sikirin, duk a tsaye a gaban mai shago kafin ka ciro ko sisi. Fayil ɗin kusan 3GB ne, sau ɗaya za ka sauke. Mint 22 an gina ta a kan Ubuntu 24.04, wani nau'in Linux, tallafinta har 2029, kuma tana tashi a RAM 2GB, ko da yake 4GB ya fi daɗi. Idan kwamfutar ta tsufa sosai, ɗauki nau'in Xfce, ya fi sauƙin nauyi. Firintocin zamani masu shiga Wi-Fi kan bayyana da kansu. Akwai allon rubutun Hausa a ciki, ƙ da ɗ da ɓ duk suna fita. Gaskiya Windows ma tana da shi, mutane ne ba sa kunnawa.

Ba zan ɓoye aibinta ba. Wasu katunan Wi-Fi na Broadcom da katunan hoto na Nvidia sai ka buɗe Driver Manager ka zaɓa musu direba. Idan Wi-Fi ne ya ƙi, jona wayarka ta Android da kebul ka kunna raba data, nan take za ta gane, da haka za ka sauko da abin da ya rage. Sannan idan abincinka a CorelDRAW yake ko Photoshop, ko kana aiki da wata na'urar ɗaukar zanen yatsa da manhajarta ta Windows ce kaɗai, kada ka wahalar da kanka, ƙara kuɗi ka sayi 'yar aji 8 ka zauna a Windows 11.

Sai batun 'yan damfara, wanda a ganina ya fi duk na sama muhimmanci. Na farko, Windows 11 ta dole. Akwai dabarar tsallake binciken TPM, sai a ɗora ta a kan kwamfuta 'yar aji 6, a ce maka “ga shi har 11 take ɗauka”, a ƙara farashi. Za ta yi aiki, amma Microsoft ya faɗa cewa bai ɗauki alhakin ci gaba da ba irinta gyara ba. Duba lambar furosesa: i5-6300U aji 6 ne, i5-8250U aji 8, lambar farko bayan karan ce ajin, sai daga aji 10 zuwa sama da ake karanta lambobi biyu na farko. Kada kuma ka yarda da abin da Windows ta rubuta kaɗai, domin ana iya sauya sunan furosesa a ciki ya nuna i7 alhali i3 ne. Kashe kwamfutar, shiga BIOS, wato shafin saitin da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, ka karanta da idonka, ko ka duba daga filash ɗin Mint. Idan BIOS ya nemi kalmar sirri kuma mai shago ya ce bai sani ba, ajiye masa kayansa. Haka MacBook da asusun tsohon mai shi ke kulle a kai.

Na biyu, manhajojin da ke alƙawarin sabunta maka duk direbobi da danni ɗaya. Irinsu aka zuba wa tawa bayan fomat ɗin nan: sauti ya dawo, amma ya taho da tallace-tallace masu faɗowa ko ina, da wasu manhajoji biyar da ban san wanda ya gayyato su ba. Direba na gaskiya kyauta ne a shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ka shigar da lambar da ke manne a ƙasanta. Na uku, Windows ta sata da ake kunnawa da wata 'yar manhaja, wadda sharaɗinta na farko shi ne ka kashe mai gadin kwamfutar. A kan wannan kwamfutar kuma za ka buɗe asusun bankinka. Hatta filash ɗin da za ka yi gwaji da shi a kula, akwai na jabu da aka rubuta wa 64GB alhali cikinsa bai kai 8 ba, sai ya lalata fayil ka ɗora wa kwamfuta laifi.

Idan Windows ce a kai, kafin ka biya buɗe Device Manager. Duk inda ka ga alamar ruwan ɗorawa mai kusurwa uku, ko an rubuta cewa ba a san na'urar ba, to akwai ƙarfen da ba shi da tafinta. Ka sa mai shago ya gyara a gabanka, daga shafin kamfani. Sannan ka buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta powercfg /batteryreport, zai fito maka da ƙarfin batirin lokacin da yake sabo da abin da ya rage masa yanzu, ka kwatanta da awa huɗun da aka rantse maka.