Yaya, zancen fitilar zenon da ka ce in aiko maka daga Jamus

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da Inna da iyali da yara gaba ɗaya. Nan Hamburg sanyi ya fara shiga, kafin ƙarfe biyar na yamma gari ya rufe. Saƙonka na murya ya iso, har sau biyu na saurare shi. Ka ce in nemo maka kayan fitilar zenon, mai farin hasken nan, na asali, ɗan Jamus, ka ɗaura wa Golf ɗinka, don fitilarka ta koma kamar aci-balbal in dare ya riske ka tsakanin Jega da Koko, ga kuma masu fararen fitilu suna kashe maka ido. Na san hanyar nan, na kuma san gaskiya ka faɗa. Sai dai ban sayo ba, kuma ina so ka ji dalili dalla-dalla, kada ka ɗauka rowa ce. Na sa wasiƙar a fili domin ba kai kaɗai ba ne, akwai abokan aikinka na tashar Birnin Kebbi da suka yi mini irin wannan aike.

Na fara da shagon kayan mota da nake zuwa kullum. Na ce wa mai shagon ina son zenon mai shiga gurbin kwan H4, wato irin kwan fitilar gaban Golf 3. Ya girgiza kai ya ce ba sa ajiye shi, domin haramun ne a hau titi da shi. A intanet kam akwai shi burjik, Yuro talatin zuwa hamsin: kwai biyu, wayoyi, da ƙananan akwatuna biyu da ake kira balas. Amma da na duba, galibi ƙirar Sin ne, irin dai wanda za ka samu a Jega ko Sakkwato, kuma can ƙasa da ƙananan baƙaƙe an rubuta cewa ba a amince a yi amfani da shi a kan titi ba. Wato da na saya na aiko, kuɗin jirgi kawai za mu ƙara wa abin da ke bakin ƙofarka.

Ni kaina abin ya taɓa cin ni. Motata ta farko a nan tsohuwar Polo ce, mai ita na da ya sa mata irin wannan kaya bai gaya mini ba, ni kuwa ina ta murna da farin haske. A ƙasar nan motar gida in ta cika shekara uku sai an riƙa kai ta bincike duk shekara biyu, shi ne mutane ke ce wa TÜV, kuma ba a ba ka tambarin da ake liƙawa a lambar baya sai ta ci jarrabawa. Da na kai tawa, mai binciken ya turo wani akwati mai gilashi a kan ƙafafu, ya tsayar da shi daidai gaban fitila, ya ce in kunna. Sai ya yafito ni in leƙa. Ya ce fitila mai lafiya a nan ciki za ka ga layi kamar an ja da rula, ƙasa haske, sama duhu, sannan layin ya ɗan hau ta ɓangaren dama. Tawa ba layi ko ɗaya, haske ne kawai ya fantsama ko'ina kamar an watsa nono a bango. Ya buɗe bonet, ya ɗora yatsa a kan balas ɗin, ya rubuta takarda. Wata ɗaya aka ba ni in cire in dawo. Na ji zafin kuɗin ranar, amma abin da na gani cikin akwatin nan bai bar raina ba har yau, domin na gane haka nake yi wa duk wanda ya tunkaro ni da dare.

Ga yadda abin yake. Kwan halojin, irin naka, ɗan siririn zare ne yake ci a ciki. Kwanon da ke bayansa mai sheƙi da gilashin gaba mai zane-zane duk an ƙera su ne a kan wurin da zaren nan yake zaune, ba a yarda ya goce ko kaɗan ba. Kwan H4 ma zare biyu gare shi, na dim da na ful, da ɗan murfin ƙarfe da ke tare hasken dim kada ya tashi sama. Shi kuwa zenon ba shi da zare. Tartsatsi ne yake tsallake tsakanin ƙarafa biyu cikin iskar gas, balas ya harba masa wuta ta fiye da volt 20,000 kafin ya kama. Siffar wutar daban, wurin zamanta daban. Ƙarfinsa kuma, a ma'aunin yawan haske da ake ce wa lumen, ya kai lumen 3,200 da wat 35 kacal, alhali dim na H4 bai wuce lumen 1,000 ba da wat 55. To ka ga an ninka haske sau uku an zuba shi cikin kwanon da bai san inda zai kai shi ba. Gaban motar dab da kai zai yi fari fat, ka ji daɗi, amma wannan farin na kusa shi yake tsuke maka ƙwayar ido, can nesa inda ramin yake ka rage gani. Sauran kuma ya tafi idon jama'a da saman itatuwa.

Ba ina kushe zenon ba ne. Na asali abu ne mai kyau ƙwarai. A 1991 ya fara fitowa a babbar BMW 7, shekarar da aka fara ƙera Golf 3 ɗinka. Amma wanda kamfani ya sa yana zuwa da gidansa da aka ƙera dominsa, galibi mai ƙwallon gilashi da ake ce wa furojakta. Dokar Turai kuma ta ce duk fitilar dim da ta haura lumen 2,000 dole ta zo da na'urar da ke sunkuyar da ita da kanta in bayan mota ya yi nauyi, da mai fesa ruwa yana wanke gilashin, domin ƙura ma tana tarwatsa haske. A Ingila tun Janairun 2021 motar da aka cusa wa zenon a gidan halojin faɗuwa take a bincikensu na shekara.

Yanzu ɗauki wannan ka kai hanyarmu. Ranar kasuwa ka cika mota da fasinja, ka danna buhunan shinkafa ko albasa a but, bayan motar ya zauna, hancinta ya ɗaga. Ko da halojin ne dim ɗinka ya koma ful, balle zenon. Mutumin da ka makantar kuwa ba tsayawa zai yi ba, tahowa yake yi, tsakaninku taku biyu, a titin da ba shi da fenti ba shi da fitila. Wataƙila ɗan kabu-kabu ne da mace da goyo. Wataƙila tanka ce. A gefensa ga amalanken shanu ba ko ɗan ƙyalli a jikinsa, ko tirelar da ta lalace aka jera mata ganye. Idan ya kauce wa abin da bai gani ba, kanka zai faɗo. Wannan ne ya hana ni barci da na ji saƙonka, Yaya, don kai ne ke riƙe da gidan.

Sannan ga hazo. In hunturu ya sauka a Disamba da Janairu, hasken da ke tashi sama shi ke bugun ƙura ya dawo maka, ka ga kamar an rataya farin zane a gaban gilashi. Kuma kada lambar nan ta 6000K ko 8000K da ke jikin kwali ta ruɗe ku. Launi take nufi. Na kamfani yana wajen 4300K, duk abin da ya haura haka shuɗi yake ƙarawa, haske na raguwa. Ga shi kuma zenon yana ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ya kai ƙarfinsa, ba ya son kunna-kashe, ku kuwa direbobi da walƙiyar fitila kuke gaisawa kuke gargaɗin juna.

Kada ka ɗauka komai na nan ya fi namu. Akwai abin da ke burge ni: kowane Oktoba gareji-gareji suna duba fitilar mota kyauta, al'adar da suka fara tun 1956, ka shiga a sa maka akwatin nan a saita maka, minti goma ka fito. Amma da zarar aiki ya wuce haka, sai ka nemi rana, wani lokaci ka jira mako biyu, kuma gareji da yawa kuɗin awa ɗaya ya haura Yuro 100. Ba sa kuma son gyara, sauyawa suke yi. Mai wayarin ɗin nan namu na gindin dogon yaro, wanda ke bin waya da ɗan kwai ɗaya har ya kamo inda ta ci, da yana nan da layi za a riƙa yi masa. Hannu muna da shi. Ma'auni ne ba mu da shi, sai kuma rashin wanda zai ce wa mutum a'a. Ban taɓa ganin an tsayar da mota a hanyarmu an auna inda fitilarta ta dosa ba, in dai tana ci shi ke nan.

Ciwon fitilarka kuwa ina kyautata zaton na san shi. Mota ce da ta haura shekara ashirin da biyar. Kwanon ciki ya dushe, azurfarsa ta ƙone, ƙura ta shiga. Wutar kuma tana zagaye mai nisa, daga batir zuwa makunni a dashbod sannan ta dawo gaba, ta tsofaffin wayoyi da mahaɗai masu tsatsa. Halojin ba ya haƙuri da ƙarancin wuta: in ta ragu da kashi 10 cikin ɗari, haske yana zubewa da kusan kashi 30. Ka sa mai wayarin ya auna a bakin batir, ya auna a bakin kwai, mota na aiki fitila a kunne, za ka ga bambancin da idonka.

Don haka ga abin da na haɗa maka a kwali. Sababbin gidajen fitila guda biyu na Golf 3, masu tambarin E a gilashi, na ƙasashen da ke tuƙi a dama kamar yadda muke yi tun 1972. (In ka taɓa sayen na hannu, ka kiyayi na Ingila, haskensu hagu yake hawa, wato idon mai tahowa.) Kwan H4 na Osram guda huɗu, biyu na aiki biyu na ajiya. Sai waya mai kauri da rile biyu (ƙananan makunnai da wuta ke sarrafawa) da fiyus, wadda za ta ɗebo wuta kai tsaye daga batir, makunnin ya zama umarni kawai yake bayarwa. Ka ce wa mai wayarin ya kankare wurin da wayar as, wato ta negatif, ke kama jikin mota har ƙarfe ya fito. Kada ya taɓa gilashin kwan da yatsa, maiƙon hannu yana rage masa kwana. Kada kuma wani ya lallashe ka da kwai mai wat 100, zai gasa sabon kwanon ya narkar da soket.

In an gama ɗaurawa, bayan isha'i ka nemi fili mai shimfiɗa da bango, kamar katangar makarantar nan ta bayan gidanmu. Ka tsayar da motar mita 10 daga bangon. Ka auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa da igiya, ka kai wannan tsayin bango ka ja layi da gawayi. Ka kunna dim. Iyakar hasken ta sauka ƙasa da layin da santimita 10 zuwa 12, kusan faɗin tafin hannunka, akwai sukurori a bayan fitilar na ɗagawa da saukewa. Ka kuma duba ɗan gare-garen nan mai lamba 0 zuwa 3 kusa da makunnin fitila, wanda na tabbata ba ka taɓa juya shi ba. Na sunkuyar da fitila ne in ka yi lodi. In ya mutu a gyara shi, in ya ƙi, to a yi saitin da buhuna a but da mutane a baya, yadda kake tafiya kullum.

Kwalin zai taho ta hannun wani ɗan Argungu da zai zo gida ƙarshen wata, zan turo maka bayaninsa a keɓe. In kun saita, ka ɗauko mini hoton bangon da layin gawayin a ciki, ina so in gani. Ka gaida Inna, ka ce mata rigar sanyinta tana cikin kwalin, a ƙasan wayoyin.