Tsohon da ya hana ni sayen biskit a Ipoh

'Yan uwa, gaisuwa daga Ipoh ta ƙasar Malesiya. Kun dame ni da tambayar farashin shinkafa, ku yi haƙuri, wani abu ne daban ya tsaya mini a rai.

Bayan gidan da nake haya akwai shagon wani tsoho ɗan asalin Sin, irin gininsu na da, kanti a ƙasa, iyali a bene. Ran nan na ɗauki biskit ɗinsu na gargajiya na ajiye kuɗi. Ya dube ni, ya tambaya ko ni Musulmi ne. Ina cewa e, sai ya janye ledar, wai da kitsen alade aka yi, ya turo mini kuɗina ya koma kan jaridarsa. Rubutun jikin ledar na Sinanci ne, da ya yi shiru wa zai sani?

Na ba wa wani abokin aikina labari, shi ma ɗan Sin ne haihuwar garin, bai ko yi mamaki ba. Ya ce suna yara mai shago babban mutum ne a unguwa, tauke suke ce masa. Kowane gida na da ɗan littafin bashi mai lamba 555 a bango; uwa ta aiki yaro ya karɓo gishiri da kananzir, a rubuta, sai ƙarshen wata. Kuɗin ciniki kuwa a gwangwanin Milo ake zubawa, an rataye shi da igiya a sama, a jawo a ba da canji a saki. Garin nan kuza ce ta gina shi, kamar Jos, kuma da kasuwarta ta rushe a 1985 ma'aikata suka rasa aiki, ya ce mai shagon layinsu bai rufe wa gidansu littafi ba. Irinsu ne ke zama a kwamitin makarantar Sinanci, su ke tara kuɗin gini. Yaro bai isa ya wuce ƙofar shago bai gaishe su ba.

Mu fa? Azumi na ƙaratowa a ɓoye sukari. A bubbuge gindin mudu, a jera manyan tumatir a saman kwando, ruɓaɓɓu a ƙasa, mutum yana yi yana jan carbi. Ka mayar da kaya a ce maka an riga an yi ciniki. Kuma mun fi kowa sanin ayar tauye mudu.

Kada ku ɗauka komai daɗi ne. Tsohon nan ba gaisuwa, ba ina gajiya, ba tayi, gyara kuwa ko ƙwayar gyaɗa. Warin busasshen kifi ya cika shagon har ya kama riga. Sabuwar shekararsu ta zo ya garƙame ƙofa kwana da kwanaki. Wallahi nakan yi kewar mai shagon layinmu, wanda sai ya tambayi jikin Hajiya kafin ya auna maka gari.

Shagunan ma ƙarewa suke. Kantuna irin su 99 Speedmart sun cika unguwanni, da sanyin na'ura da rasit, kuma ba sa ba da bashi. 'Ya'yan tsohon suna aiki a Singafo, ba mai niyyar gado.

Duk mai tahowa ya riƙo mini daddawa da kuka, a ɗaure su sosai saboda jami'an filin jirgi.