Erasmus+ ko kuɗin Amurka: wanne ya fi wa ƙaramar jami'a

Wa'alaikumus salam Malam. Tunda hannu biyu aka miƙo wa tsangayarku a Tawa, ɗaya daga Turai na Erasmus+, shirin Tarayyar Turai na tallafa wa ilimi, ɗayan daga wata jami'ar Amurka mai son sa ku ƙarƙashin tallafin gwamnatinsu, kuma dosiye guda kaɗai za ku iya haɗawa bana, to ku kama na Turai. Ku nemi ɓangaren ƙarfafa manyan makarantu da ake kira CBHE, rukuni na farko.

Wannan rukunin don irinku aka ware shi: jami'o'in da ba su saba da shirin ba, da na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, da waɗanda ke nesa da babban birni. Kuɗinsa daga yuro 200,000 zuwa 400,000 ne, na wata 24 ko 36. Da yake sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, kun san tun ranar rubutu cewa wannan sefa miliyan 131 zuwa 262 ne, kuma haka zai kasance ranar da kuɗin suka sauka muddin ɗaurin bai canza ba. Ku lura, kuɗin na haɗakar jami'o'in da za ku yi aikin tare ne baki ɗaya, ba na Tawa kaɗai ba. Tarayyar Turai tana ɗaukar kashi 90 cikin ɗari na abin da aka ƙiyasta, sauran 10 abokan aikin ke cikawa, galibi da lokacin malamai.

Abin da ya sa nake yabonsa shi ne yadda ake biya. Kuɗi ne a dunƙule. Kuna raba aikin gida-gida, kowane kashi da farashinsa da abin da zai haifar, hukumar EACEA da ke Burussel, mai gudanar da shirin, ta amince tun farko. Daga nan tambayarta ita ce: an gama kashin ko ba a gama ba? Ba ta zama tana lissafa resin mai na tafiya daga Tawa zuwa Yamai. Duk wanda ya san yadda ajan kontabul na ƙaramar jami'a yake shi kaɗai a biro da tulin takardu, ya san girman wannan sauƙin. A ce kashi na biyu shi ne sabuwar manhajar lisans kan sarrafa albasa da adana ta, abin da Galmi da kewayenta ke buƙata ido rufe. Hujjarku ita ce manhajar a rubuce, da takardar zaman majalisar jami'a da ta amince da ita, da jerin sunayen malaman da aka horar da sa hannunsu, da rajistar ɗaliban farko. In waɗannan sun cika, kuɗin kashin sun halatta. Kuma aikin yana zama a gida bayan an rufe furoje, manhaja da kayan koyarwa da malaman da suka ƙaru duk naku ne.

Amma kada a ɗauka dunƙulen kuɗi na nufin a watsar da takardu. Dokar kashe kuɗin gwamnati ta Nijar tana nan a kanku, kuma jami'ar da ke jagorancin haɗakar tana iya neman faktir a yarjejeniyar da za ku sa wa hannu tsakaninku. Ku ajiye komi har shekara biyar bayan biyan ƙarshe.

Wajen tsara kashin aikin nan ne ake yawan faɗawa rami. Kashin da ba a kammala ba ana rage kuɗinsa, ko a hana shi. Don haka kada ku rataya wani kashi a kan abin da ba ya hannunku. In kun rubuta cewa ƙarshensa shi ne sa hannun ma'aikatar ilimi mai zurfi, takarda ta kwana a Yamai, ku ne da asara. Ku rubuta cewa ƙarshensa miƙa cikakken dosiye ne ga ma'aikatar, da shaidar karɓa. Haka kuma kashi mai tsawon wata 36 gara a tsaga shi biyu, na farko ya ƙare kafin rahoton tsakiya.

Ga abin da za ku tanada tun yanzu. Jami'a tana buƙatar lambar rajista ta Tarayyar Turai mai alƙaluma 9, wadda ake kira PIC, ana samunta a shafin Funding & Tenders. Kafin ku buɗe sabuwa, ku bincika ko wani malami bai taɓa buɗe wa jami'ar ba, don lamba biyu ga makaranta ɗaya rikici ne da ke cin makonni. Za a nemi dokar da ta kafa jami'ar, da takardar naɗin shugabanta, da mutum ɗaya da shugaban zai wakilta a hukumance, wanda suke kira LEAR. Ku zaɓi ma'aikacin dindindin, ku yi amfani da adireshin imel na jami'a. In aka yi da na wani malami ya tafi karatu waje, ya tafi da mabuɗin ke nan. Ta fuskar haɗaka, ku samo jami'o'i biyu daga ƙasashen Tarayyar Turai biyu daban, masu riƙe da takardar ECHE, wato shaidar izinin shiga shirin Erasmus+, sannan aƙalla manyan makarantu biyu na Nijar. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ko ta Agadas za su dace da ku, ba dole sai Abdou Moumouni ta Yamai ba. Kada yawan makarantun Turai a haɗakar ya wuce na Nijar. Ana rufe karɓa yawanci a watan Fabrairu, ƙarfe 5 na yamma agogon Burussel, wanda a lokacin sanyi daidai yake da namu. Ku tura da kwana biyu a gaba, kun dai san halin wuta da intanet. Kuma ku karanta jagoran shirin na shekarar da kanku, don sharuɗɗa na ɗan motsawa kowace shekara, shirin na yanzu kuma a 2027 zai ƙare.

Wajen duba dosiye, maki 100 ne: 30 ga dacewar aikin da buƙata, 30 ga tsarinsa, 20 ga ingancin haɗaka, 20 ga tasiri da ɗorewa. Sai an kai 60, da rabin makin kowane fanni. Inda namu suka fi zubar da maki shi ne bayanin buƙata. Kada a cika shafi da cewa Nijar ƙasa ce matalauciya, masu dubawa sun sani. Ku kawo adadin ɗalibanku, da na malamai, da kayan da ke ɗakin gwaji, da wasiƙun ƴan kasuwa ko ƙungiyoyin manoma da za su karɓi yara sitaj.

Kayan aiki ba sa wuce kashi 35 na tallafin, aikin da za a ba wani daga waje kuma kashi 10. Ku yi odar kaya a shekarar farko. Tun 2023 da iyakar Benin ta rufe, kaya na zagayowa ta Lome da Burkina, lokaci da kuɗin dako sun ƙaru. Ku fara neman takardar yafe harajin duwan da TVA tun ranar sa hannu, don kashi 19 na TVA ba ƙaramin giɓi ba ne. In kun sa kwamfutoci a kasafi, ku sa faranti na sola da batir tare da su. Game da tafiye-tafiye, yawancin jami'o'in Turai ba sa barin ma'aikatansu su zo yankinmu yanzu, balle na Faransa da ofishin jakadancinsu ya rufe a farkon 2024. Ku tsara taruka a Turai ko wata ƙasar Afirka, sauran ta intanet, ku faɗi haka a fili cikin dosiyen. Ana iya ƙara jami'ar Turkiyya, tunda ƙasar tana cikin shirin.

Abu ɗaya: CBHE ba na bincike ba ne. In burinku binciken kimiyya zalla, ƙofarsa Horizon Europe, shirin Tarayyar Turai na bincike, wannan kuma zancen wata rana ne.

Na Amurka kuwa, ba zan ce ba shi da amfani ba, in ya zo yana da kauri. Sai dai tun Janairun 2025 da aka dakatar da tallafin ƙasashen waje, aka rufe USAID a Yuli, ba abin dogaro ba ne ga mai farawa. NIH, hukumarsu ta binciken lafiya, ita ma ta sauya tsarin ba jami'o'in waje kuɗi ta hannun na Amurka a shekarar, kuma kashi 8 kawai take ba makarantun waje na hidimar gudanarwa. Galibi sai kun kashe naku sannan a maido muku da dala mai hawa da sauka, a kan kowane resi. Dokarsu ta hana sayen kayan sadarwa na Huawei da ZTE ko kyamarar Hikvision da kuɗinsu, alhali su ne cike da kasuwarmu. Ku amsa musu da mutunci, ku nemi lambar rajista ta gwamnatin Amurka, wato UEI, a shafin SAM.gov ku ajiye, ku ce sai wani zagayen.

Ba ku tambaya ba, amma zan faɗa. Da zarar an ji kuna neman tallafi, masu jaka za su fara sallama. PIC kyauta ce, UEI kyauta ce, tura dosiye kyauta ne. Duk wanda ya ce a tura kuɗin dosiye ta waya kafin a ba ku tallafi, ɓarawo ne, ko da tambarin Tarayyar Turai a saman takardarsa. Adireshin gaskiya yana ƙarewa da europa.eu, na Amurka da .gov. Akwai kuma masu rubuta furoje da ke cewa a ba su kaso in an ci. Kuɗin da aka kashe kafin fara aikin ba sa shiga kasafi, to daga ina za a biya su in ba da faktir ɗin ƙarya ba? Wasunsu rubutu ɗaya suke sayar wa jami'o'i uku, suna sauya sunan gari. Kada ku ba kowa kalmar sirrin shafinku.

Na ƙarshensu su ne dillalan kaya. Farashi uku da doka ke so a gwada sukan fito daga shago ɗaya da hatimi uku. Ku duba lambar haraji ta NIF da ta rajistar kasuwanci ta kowanne, ku kira lambobin wayar, ku je ku ga shagon. Kwamfutar da aka gyara aka sa a sabon kwali ana gane ta da lambar jikinta a shafin kamfanin da ya ƙera ta. Kada kwamitin karɓar kaya ya sa hannu sai an buɗe kowane kwali an kunna, an rubuta lambobin a rajistar kayan jami'a, kuma a riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kasuwar har wa'adin garanti ya cika.