Jirgin roba mai jar wutsiya: ya dace da aji, amma takardarsa ta gajarta tarihi

Wannan samfurin jirgin yaƙi ne, P-51D Mustang mai jar wutsiya, irin wanda baƙaƙen fatar Amurka suka tuƙa a Yaƙin Duniya na Biyu, da ake sayarwa a warwatse cikin kwali, mutum ya harhaɗa da kansa. Girmansa kashi 1 cikin 72 na jirgin gaske, wato faɗin fukafukansa bai kai santimita 16 ba. Ba za a same shi a kasuwar Gujungu ko ta Maigatari ba, sai dai a yi oda ta intanet a karɓa a tasha. Malamin tarihi a makarantar ƙauye zai ci moriyarsa sosai.

Robar tana da kyau, ɓarin jikin biyu suna haɗuwa ba giɓi. A yanke kowane guntu da sabuwar reza, kada a murɗe shi, domin farfela da ƙafafun tayoyi saurin karyewa gare su. A fara fentin kujerar matuƙi kafin a rufe jikin, in an rufe burushi ba zai shiga ba. Babbar ɓarna daga gam take zuwa: Super Glue yana fitar da tururi da ke mayar da gilashin matuƙi fari fat, don haka ɗigo biyu na farin gam na kafinta ya isa wurin. Jan fentin wutsiya kuma a fara shimfiɗa masa fari, sannan a shafa ja sirara sau biyu. Da hunturu a kifa roba a kai har ya bushe, in ba haka ba ƙura ta manne. Kada a ajiye shi a taga ko dab da rufin kwano, zafin bazara zai lanƙwasa fukafukan.

Inda na ga gazawa shi ne 'yar takardar tarihin da ke ciki. Ta fara daga jar wutsiya, alhali runduna ta 99, ta farko ta baƙaƙen fatar Amurka matuƙa jiragen yaƙi, an kafa ta tun 1941, aka horar da matuƙanta a Tuskegee da ke Alabama, lokacin da ake ware baƙi da farare a soja. A Afrilun 1943 suka sauka Kasabalanka ta Maroko ƙarƙashin kwamandansu Benjamin O. Davis Jr., kuma da jirgi samfurin P-40 suka fara yaƙi, ba Mustang ba. Da shi suka kai hari tsibirin Pantelleria na Italiya a watan Yuni, da shi ɗaya daga cikinsu, Charles B. Hall, ya harbo jirgin Jamus ranar 2 ga Yuli. Sai a Yulin 1944 suka haɗe da rundunoni na 100 da 301 da 302 a sansanin Ramitelli na Italiya, suna raka jiragen bama-bamai. Nan ne wutsiyar jiragensu ta zama ja. Duk wannan malam ne zai cike da bakinsa.

Takardar ta kuma maimaita maganar nan cewa ba a taɓa harbo jirgin da suke rakiya ba. Bayanan sojan saman Amurka sun nuna an harbo 27. Wannan bai rage musu daraja ba, domin adadin ya yi ƙasa da na yawancin takwarorinsu, kuma yara sun cancanci a gaya musu daidai.

Gam da fenti ba sa cikin kwalin, a haɗa su cikin odar tun farko.